Burodi da Gwangwani: Yadda Abincin Faransa Ya Shigo Kasuwannin Hausa na Ƙasar Nijar

Duk wanda ya taɓa kwana a Maraɗi ya fita da sassafe, lalle ya ga yara ɗauke da wani dogon burodi mai kama da sanda, suna kai wa masu tebur. Bayansa da tauri, cikinsa da laushi, ba sukari cikinsa, ba mai. In kuwa mutum ya hau mota ya bi ta Jibiya ya iso Katsina, tafiyar wajen mil 60, sai ya tarar burodi ya sake kama, ya zama mai kusurwa huɗu, mai zaƙi, mai laushi ciki da baya. Mutanen garuruwan nan biyu harshensu ɗaya, addininsu ɗaya, har sarautarsu tushenta ɗaya, gama sarakunan Haɓen Katsina ne suka kafa Maraɗi bayan jihadi. Amma karin kumallonsu ya bambanta, kuma iyakar da Ingila da Faransa suka shata tsakanin 1898 da 1906 ita ce ta raba shi.

Nufinmu a wannan takarda shi ne mu bi sawun abincin nan, mu ga ta wace hanya ya shigo, da wanda ya fara zuwa kasuwa nemansa, da kuma yadda kasuwa ta amsa masa. Za mu nuna cewa zaman Faransai kaɗai bai isa ya dasa shi ba, domin ba su taɓa yin yawa a ƙasar ba. Waɗanda suka dasa shi 'yan ƙasa ne da suka yi tafiya, bakinsu ya saba da wani abu a can, suka komo gida da kuɗin saye a aljihu.

Alkama Kafin Zuwan Nasara

Kada mai karatu ya zaci Turawa ne suka kawo mana alkama. Sunanta ma daga Larabci muka aro shi. Sa'ad da Ibn Baɗɗuɗa ya sauka Takadda, yamma da duwatsun Azbin, cikin 1353, ya ba da labarin cewa ana noma 'yar alkama kaɗan a can, fatake da baƙi su ke cinta. A Kano da Katsina da Damagaram ana nomanta da rani a fadama, ana yin alkaki da gurasa da finkaso da dashishi da ita. Tanderun da a ke gasa gurasa ya riga gidan burodi da nisa ƙwarai.

Abin lura a nan shi ne matsayin da alkama ta riƙe. Gero da dawa su ne abincin kowa, na kullum. Ita kuwa ta sarakuna ce da attajirai da Larabawan Turabulus da Gadamus, ko ta ranar biki da gara. Saboda haka ran da burodi ya zo, bai zo wa mutane a baƙon abu ba sarai. Ya tarar da gurbi a shirye, watau gurbin abincin manya da matafiya, ya shiga ya zauna.

Teburin Kumandan

Faransai sun ci Damagaram cikin 1899, bayan yaƙin Tirmini. Daga 1911 nan ne hedkwatar ƙasar, har 1926 da aka mai da ita Yamai. Kowane bariki akwai kumandan da 'yan mataimakansa, kowannensu kuwa yana so ya ci irin abin da ya saba ci a garinsu. Garin alkama da sukari da gahawa da giya da kayan gwangwani duk daga bakin teku a ke kawo su. Da jirgin ƙasa ya iso Kano cikin 1911, sai hanyar Ikko zuwa Kano ta zama mafi sauƙi ga kayan da za su Damagaram da Maraɗi, raƙuma da jakuna su ƙarasa da su, daga baya motoci suka karɓa.

Kamfanonin da suka riƙe wannan ciniki su ne masu sayen gyaɗa, irin su CFAO, wanda aka kafa a Marsai cikin 1887, da SCOA, da Niger Français, wanda reshe ne na kamfanin Ingilishi na UAC. Kanti guda shi ke awon gyaɗa, shi ke sayar da atamfa da gishiri da kananzir, a wani lungu kuma ga abincin Turawa a jere. Abin da ba ya jure tafiya sai a yi shi nan. Kuku ya koyi kwaɓa burodi da gasa shi a tanderun laka bayan gida. Aka yi lambu kusa da rijiyar bariki ko bakin tabki, fursunoni da 'yan aikin tilas su ke ban ruwa, ana shuka salati da karoti da shu. Kuku da boyi da mai lambu su ne Hausawan farko da suka san sirrin abincin nan. Amma a wannan zamani na gidan Bature ne, bai fito kasuwa ba tukuna, don ba mai nemansa a can.

Waɗanda Suka Tafi Suka Komo

Mai nema na farko soja ne. Tun 1857 Faransa ta kafa rundunar baƙar fata a Sanagal, ta yi ta ɗibar mutane daga dukan ƙasashenta na Afirka ta Yamma. A Yaƙin Duniya na Farko ta ɗebi wajen mutum 200,000, cikin 1919 kuma ta kafa dokar ɗaukar soja na tilas ko ba a yaƙi, wa'adin shekara uku. Rabon Nijar cikin wannan bai kai na ƙasashen Bambara da Mosi ba, samari da yawa ma gudu suka riƙa yi zuwa Nijeriya in lokacin ɗiba ya zo. Duk da haka waɗanda aka kama sun ga duniya. Da sanyi a kan tara su a sansanonin Firejus, a kudancin Faransa bakin Bahar Rum. Wasu sun yi Yaƙi na Biyu, wasu Indoshin daga 1946 zuwa 1954, wasu Aljeriya daga 1954. Abincin bariki kuwa shi ne burodi da gahawa mai sukari da safe, sa'an nan shinkafa da naman gwangwani.

Mutumin da ya yi shekara goma sha biyar yana karya kumallo da wannan, in ya komo Tasawa ko Tawa, koko da fura ba su kan cike masa gurbin ba. Ga shi kuma da fansho, kuɗi tsaba, a zamanin da manomi ba ya riƙe kuɗi sai da kaka. Ranar biyan 'yan mazan jiya ranar ciniki ce ga mai kanti. Ba yunwa kaɗai ke sa shi saye ba. Gwangwanin madara da kofin gahawa shaida ce gaban jama'a cewa ya ƙetare teku, kamar lambobin da ya ke maƙalawa a ƙirji ran idi. Ko da ya ke dokar Faransa ta 1959 ta daskarar da fanshon nan, darajarsa ta yi ta zubewa shekara da shekaru, sabon ya riga ya kama 'ya'ya da maƙwabta.

Mai nema na biyu ɗan makaranta ne. Waɗanda suka yi fice a kan aika da su makarantar William Ponty a Sanagal, inda Diori Hamani da Bubu Hama suka yi karatu. Daga 1946 aka fara zaɓen wakilai zuwa majalisar Faris, Diori na cikin na farko. Bayan mulkin kai na 3 ga Agusta 1960, sai da aka yi fiye da shekara goma kafin a sami jami'a a Yamai, saboda haka likitoci da alƙalai da injiniyoyin farko a Dakar da Abijan da biranen Faransa suka yi karatu. Waɗannan ba burodi kaɗai suka koyo ba. Sun koyo cin ɗanyen ganye da mai da ruwan tsami kafin abinci, da soyayyen dankalin Turawa, da shafa man shanu a burodi. Wasunsu har da mata suka komo. Su ne ma'aikatan gwamnati, albashinsu na zuwa duk ƙarshen wata, kuma abin da babban ma'aikaci ya ci yau shi akawunsa zai so ci gobe.

Yadda Kasuwa Ta Amsa

In mun duba abin da mai komowa ya je nema, za mu ga ya kasu huɗu, kowane kashi da irin amsar da ya samu.

Na farko shi ne abin da a ke iya ɗaukowa daga nesa bai lalace ba. Bafaranshe ne, Nicolas Appert, ya fara bayyana dabarar dafa abinci a rufe shi ruf don ya daɗe, cikin littafinsa na 1810. Wani Bafaranshen, Mège-Mouriès, ya ƙago man shafa burodi na masana'anta cikin 1869. Kifin gwangwani da madarar gwangwani mai sukari da tumatirin gwangwani ba ruwansu da zafin Afrilu. Gudunmawar Bahaushe a nan ita ce kasawa. Kanti ya sayar da katan, mai tebur ya fasa ya sayar da ɗai ɗai, har sukari ƙwaya ƙwaya, gahawa cokali cokali. Ta haka abin da ya ke na mai albashi ya sauko inda mai dala guda zai iya taɓawa.

Sai dai ya kamata a lura, yawancin abin da a ke kira kayan Faransa ba a Faransa aka yi su ba. Nescafé, wanda ya fito cikin 1938, da Maggi, duk na Suwizalan ne. Kifin gwangwani galibi daga Maroko ya ke zuwa, tumatir kuwa daga Italiya a wancan zamani. Ta hannun kamfanonin Faransa suka biyo, aka biya da kuɗin Faransa, takardar jikinsu da Faransanci, shi ya sa suka ci sunan.

Na biyu shi ne abin da dole a yi shi nan take, watau burodi. Dogon burodin Faris bai daɗe ba ƙwarai, wajen 1920 sunansa ya tabbata a can. Gari ne da ruwa da gishiri da yisti, ba ƙari. Rashin mai da sukari shi ke sa ya bushe cikin yini guda, da hunturu kuwa ko azahar ba ya kaiwa. Burodin ɓangaren Ingilishi, wanda masu gidajen burodi na Ikko suka yaɗa, yana da mai da sukari, yana kwana biyu uku da laushinsa. Wannan ɗan bambanci ya haifi ciniki iri biyu. Burodin Nijeriya ya zama kayan tasha, abin tsaraba, matafiyi ya saya a Zariya ya kai ƙauye. Na Nijar ba ya tsaraba. Ko ɗalibin da ya baro Faris bai iya zuwa da shi ba, dole a gina masa tanderu a garinsu, a gasa da dare, a rarraba da asuba. Don haka ya zama abincin birni, ya kuma samar da sana'a ga masu kwaɓi da masu itace da masu talla.

Na uku shi ne abin da ƙasa za ta iya fitarwa. Lambun bariki ya tsallake katanga, masu garka suka karɓi iri. Albasa da barkono da yalo sun daɗe a hannunsu, albasar Galmi ma ta yi suna har bakin teku, don haka ba sabon aiki aka koya musu ba, sabon iri ne da sabon mai saye. Sunayen kayan suna faɗin hanyar da suka biyo. Abin da mutumin Kano ke kira kabeji da karas da latas, mutumin Maraɗi shu da karoti da salati ya ke ce musu. Lambunan Mirya suka ciyar da Kasuwar Dole ta Damagaram, na bakin Kwara suka ciyar da Ƙaramar Kasuwa ta Yamai, wadda ita ce matattarar kuku da matan ma'aikata har ta ƙone cikin 2012. Dankalin Turawa ya sami gida a lambunan Azbin, wajen Tabelot da dutsen Bagzan. Bayan farin 1984 gwamnatin Seyni Kunce ta tura jama'a ga noman rani, sai kayan nan suka yawaita, suka yi araha. Salati da tumatir da ƙuli ya zama abin buɗa baki da azumi a gidan talaka, ba wanda ke tuna kumandan in yana ci.

Na huɗu shi ne abin da kasuwa ta ƙi. Giyar inabi da naman alade su ne ginshiƙin teburin Bafaranshe, amma addini ya tsare musu ƙofa, ba su fita daga kantin Turawa ba. Cuku mai laushi mai wari, wanda Faransa ke alfahari da shi, zafi ya kashe shi, hanci kuma ya ƙi shi. Ga busasshen cukun Buzaye da Fulani a kasuwa tun da. Iri ɗaya ne ya tsira, La vache qui rit, wanda Léon Bel ya fitar cikin 1921, don dafaffe ne, a naɗe yanka yanka, ana iya sayar da ɗaya ba tare da firji ba. Wanda ya komo yana marmarin sauran, sai ya haƙura ko ya jira wani mai zuwa.

Hanya da Kuɗi

Sabo ba ya isa sai da hanya da kuɗi. Daga 1940 zuwa ƙarshen 1942 ƙasashen Faransa na Afirka ta Yamma suna bin gwamnatin Vichy, aka rufe iyaka da Nijeriya, jiragen ruwa suka yi ƙaranci, kayan kanti suka yi wuya. Bayan yaƙi al'amari ya juya. Ran 26 ga Disamba 1945 aka ƙago kuɗin Sefa, aka ɗaure shi da na Faransa. A farkon shekarun 1950 aka shirya fitar da gyaɗar Nijar ta Faraku da Kwatano maimakon ta Kano, motocin da suka sauka da gyaɗa su hau da kaya. A wannan zamani ne kuma aka kafa babban injin niƙan alkama a Dakar, na Abijan ya biyo baya, alkamar kuwa ta Faransa ce. Da aka fara haƙar yuraniyam a Arlit cikin 1971, albashi ya ƙaru, Faransai masu aikin taimako suka yawaita, gidajen burodi na zamani masu injin kwaɓi suka buɗe a manyan garuruwa.

Ranar biyan bashi ta zo. Ran 12 ga Janairu 1994 aka karya darajar Sefa da rabi, abin da a ke canzawa 50 ya koma 100. Duk kayan da ke zuwa daga waje kuɗinsu ya tashi, garin alkama na ciki. Ma'aikacin da ya saba da man shanun Faransa ya koma ga man gwangwani, ko kayan masana'antun Nijeriya da suka yi araha tun faɗuwar Naira cikin 1986. Amma burodi bai bar tebur ba. Can Nijeriya ma an ga irin wannan. Gunilla Andrae da Björn Beckman sun buga littafi cikin 1985 suna nuna yadda burodi ya zama wa ƙasar tarko, gwamnati ta hana shigo da alkama daga 1987 zuwa 1992, sai gari ya riƙa shigowa a ɓoye ta iyakokin maƙwabta, har da ta Nijar.

A nan ne maganar ta wuce ta marmari. Abincin da ya shigo don mutum ɗaya da ya yi tafiya, ya zama karin kumallon lebura da ɗan makaranta da mai gadi, don ba ya bukatar wuta ko surfe ko daka. Alkamar da a ke nomawa a ƙasar kuwa ba ta kai komai ba cikin abin da a ke ci. Ashe gari ya ɗora cikinsa a kan tsiron da ke fitowa wata duniya, ya biyo ta tashar jirgin ruwan wata ƙasa. An ga haka cikin 2022 da yaƙin Yukren ya tayar da kuɗin alkama, an kuma gani cikin 2023 da aka rufe iyakar Binin bayan juyin mulkin 26 ga Yuli. Haka nan dunƙulen Maggi ya rage wa mai daddawa kasuwa, ita da sana'arta ba ta bukatar ko kwabo na kuɗin waje.

Abin da Ya Rage Gare Mu

Sojan Faransa na ƙarshe ya bar Nijar cikin Disamba 2023. Cikin 2025 aka ɗaukaka Hausa ta zama harshen ƙasa, Faransanci ya koma harshen aiki. Dogon burodi bai bi su ba, don ya daɗe da zama ɗan gida. Cikin 2022 hukumar UNESCO ta sa shi cikin kayan gadon Faransa, amma mai tebur a Maraɗi tsaga shi ya ke yi ya zuba tsire da yaji, ko ƙosai, ko dafaffen wake, abin da mutumin Faris bai san da shi ba. Shi kuwa wanda ya komo daga Turai a yau ya shiga kasuwa neman abin da ya ci a can, abin da zai samu shi ne wanda magabatansa suka tace suka bar masa.

Muna roƙon malaman makarantun horon malamai su dubi wannan fage. Takardun gwamnati sun rubuta nauyin gyaɗar da ta fita da na garin da ya shigo, amma wanda ya gina tanderun farko a gari, da wanda ya koya masa, da ranar da salati ya fara shiga faifan mai talla, wannan a bakin tsofaffi ya ke. 'Yan mazan jiya da kukun Turawa sun kusa ƙarewa, saura 'ya'yansu. Kowane ɗalibi zai iya zama da tsohon mai gidan burodi ko mai garka na garinsu, ya rubuta sunayen kaya da yadda a ke faɗinsu, da inda iri ya fito, da shekarar da aka fara. In aka tara irin wannan daga Konni da Illela, daga Maraɗi da Katsina, daga Magarya da Daura, aka jera su biyu biyu, za a ga abin da iyaka ta yi wa mutane ɗaya cikin shekara ɗari da 'yan kai, fiye da yadda littafin yarjejeniya zai nuna.